Tambaya da Amsa: Wa ya gina coci a tsakiyar filin kiwo, kuma ina mutanensa suka tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin jinya a garin Ashford da ke Kent, a kudu maso gabashin Ingila. Ranar wani hutu muka fita da yara wajen Romney Marsh, sai muka ga wani tsohon coci a wurin da ake kira Fairfield, shi kaɗai a tsakiyar fili, babu gida ko ɗaya a jikinsa sai tumaki da ruwa. Da muka ƙara gaba kaɗan sai ga wani a Snargate, ga wani kuma a Brookland, alhali mutanen wurin 'yan kaɗan ne. Wata abokiyar aikina ta ce Fairfield da Snargate farish ɗaya ne. Mene ne farish? Wa ya gina waɗannan coci-coci, ina mutanensu suka tafi, kuma wa yake kula da su yanzu? Sannan ni Musulma ce, ana bari in shiga in gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya taimaka a kan aikin jinya. Wurin da kika je yana cikin wuraren da suka fi dacewa a yi wannan tambaya a duk Ingila, domin abin da ya ɓoye a wasu ƙauyukan a nan yana fili. Abu na farko shi ne kada ki auna yawan cocin da yawan mutanen da kika gani. Ba don su aka gina ba. Kowane coci a cikinsu alama ce ta wani yanki na ƙasa da aka taɓa shata wa iyaka, mutanen cikinsa suke kai jariransu a yi musu baftisma, suke kai matattunsu a binne, suke kuma kai kashi ɗaya cikin goma na abin da suka noma. Mutanen sun ragu, iyakar da ginin suka tsaya.

Wannan yanki shi ne farish, wato gundumar coci guda da limaminta. Tsarin ya kafu ne tsakanin ƙarni na 10 da na 12. Kafin nan manyan coci-coci ƙalilan ne suke aika limamai zuwa ƙauyuka masu nisa. Daga baya sai masu filaye suka shiga gina nasu a kan gonakinsu. Mai ƙasa ya yi gini, ya yanka wa limami gona, bishop ya zo ya keɓe wurin, shi kuma mai ƙasar ya riƙe ikon zaɓen wanda za a naɗa limami. Zuwa wajen shekarar 1200 an gama raba yawancin Ingila ta haka, babu gida ko gonar da ba ta faɗa cikin wani farish ba. Idan gunduma ta yi faɗi, tungayenta suka yi nisa da uwar cocin, akan gina musu ƙaramin ɗakin sujada, kamar dai yadda unguwanni suke da masallatansu na salloli biyar amma ranar Juma'a a haɗu a babban masallaci. Sai dai uwar coci ba ta cika sakin haƙƙin binne matattu da kuɗin da ke tattare da shi ba, kuma an sha zuwa gaban bishop a kan wannan. A yau Cocin Ingila yana da farish wajen 12,500 da gine-ginen coci kusan 16,000.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne ushiri. Doka ce ta tilasta shi, ba ganin dama ba ne. Cikin dami goma na alkama ɗaya na coci ne, haka ciyawar da aka yanka don dabbobi, haka 'yan raguna, da ulu, da madara, da ƙwai. Saboda haka iyakar farish ba abin wasa ba ce: gonar da ta faɗa wannan gefen lambatu tana ciyar da wannan limami, wadda ta faɗa wancan gefen tana ciyar da wancan. Duk shekara limami da dattawa da yara sukan zaga iyakar a ƙafa, suna bugun duwatsu da itatuwan alama da sanda, don yaran su girma da sanin inda ƙasarsu ta tsaya. An raba nauyin gyaran ginin ma gida biyu. Ɓangaren gabas, inda bagade (teburin ibada) yake, yana wuyan mai karɓar ushiri. Ɓangaren da jama'a ke zama yana wuyan jama'a. Sai a 1836 majalisa ta mai da ushiri kuɗi maimakon amfanin gona, a 1936 kuma aka yi dokar da ta kama hanyar kawar da shi gaba ɗaya. Idan kika koma Brookland ki duba kusurwar cocin ta baya, akwai wani ɗan keɓaɓɓen wuri na katako da tsohon sikeli da duwatsun awo, inda ake danganta shi da karɓar ushirin.

A hankali sarauta ta gane cewa babu wani tsari da ya kai ko'ina kamar farish, sai ta ɗora masa aikin hukuma. A 1538, zamanin Sarki Henry na VIII, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarni kowane limami ya riƙa rubuta duk baftisma da aure da jana'iza a littafi. A 1601 aka yi dokar da ta ɗora wa kowane farish ciyar da matalautansa, da harajin da za a karɓa daga masu gidaje da gonaki. Dokar 1662 ta ba da damar a kori baƙon da ake tsoron zai zama nauyi, a mai da shi farish ɗinsa na asali, kuma an yi wa mata masu ciki da tsofaffi rashin imani da yawa da wannan doka. Gyaran hanya ma ya daɗe a hannun farish. Sai a 1894 aka raba aikin gida biyu: farish na coci ya tsaya a kan ibada, aka kafa farish na hukuma, wanda shi ne mataki mafi ƙanƙanta a mulkin ƙananan hukumomi. Wannan na biyun ne abokiyar aikinki take nufi, kuma ta faɗi daidai. Fairfield farish ne mai zaman kansa har 1934, lokacin da aka ga mutanensa sun yi kaɗan aka haɗe shi da Snargate. Duk da haɗewar, mazauna gundumar ba su kai ɗari biyu ba, ga su da coci biyu na ƙarni na 13.

Yanzu ga ita ƙasar. Romney Marsh fadama ce mai faɗin kusan murabba'in kilomita 260, kuma yawancinta ƙasa take da tsayin da teku ke kaiwa idan ya cika. Da hannu aka ƙwato ta daga ruwan gishiri. A kewaye wani yanki na laka da ganuwar ƙasa, a haƙa lambatu, a sa ƙofar ruwa wadda ke buɗewa idan teku ya janye ta rufe idan ya dawo, a jira ruwan sama ya wanke gishirin, sai ƙasa ta zama gona. Yawancin filayen na Akbishop ɗin Canterbury ne, wato babban bishop na Ingila, da 'yan zuhudun da ke zaune a babban cocin garin, su ne suke ba manoma haya da sharaɗin su kare ganuwar. Gefen da Brookland da Fairfield suke, wanda ake kira Walland Marsh, a ƙarni na 12 da na 13 aka fara ƙwato shi. Duk inda aka samu sabuwar ƙasa aka zuba iyalai, sai a buƙaci coci a kusa, domin da damunar hunturu tafiyar kilomita uku cikin wannan laka da jariri a hannu ko gawa a kafaɗa ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa suke kusa da juna haka. Mutanen ma ba a dunƙule suke zaune ba, gidaje ne a warwatse, kowa a kan ɗan tudun gonarsa, cocin ne mahaɗarsu. An sa wa na Fairfield sunan Thomas Becket, Akbishop ɗin da aka kashe a cikin babban cocin Canterbury a 1170, na Snargate kuma sunan Dunstan, wani Akbishop da ya rasu a 988. Sunayen kansu suna nuna miki ƙasar wa ce.

To ina mutanen suka tafi? Ba rana ɗaya suka watse ba, abubuwa ne suka biyo juna.

Teku ne ya fara. A ƙarni na 13 an yi ta samun guguwa mai tsanani, mafi muni ita ce ta 1287. Ta shafe tsohon garin Winchelsea, ta cika tashar jiragen ruwan New Romney da yashi da tsakuwa, kogin Rother da ke fita teku ta wajen ya koma fita ta Rye. Har yau idan za ki shiga cocin St Nicholas a New Romney sai kin sauka matakala, saboda ƙasar garin ta ɗaga ta bar ƙofar a ƙasa. Doguwar hanyar ruwan da aka haƙa daga Appledore, ta bi ta Snargate zuwa New Romney don wanke tashar, ta cike ta zama tudu, titi ne a kanta yanzu. Kasuwar da manoman fadama suke kai kayansu ta mutu ke nan.

Sai babbar annoba ta 1348 zuwa 1349, wadda ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabin mutanen Ingila, ta kuma yi ta dawowa bayan 'yan shekaru. Ma'aikata suka yi ƙaranci, ladansu ya tashi. Masu ƙasa suka duba suka ga noman alkama yana cin hannaye da yawa, kiwon tumaki kuwa mutum ɗaya da kare sun isa garke guda, ga ulu yana da tsada a kasuwannin Flanders (yankin Beljiyam na yau) da Faransa. Ciyawar fadamar kuma tana cikin mafi kyau a ƙasar. Ƙananan gonaki suka riƙa haɗewa a hannun 'yan tsirarun masu kuɗi da ke zaune a garuruwan tudu, suna ɗaukar makiyayi na haya ya duba musu garke. Waɗannan makiyaya ne suke kwana a 'yan ɗakunan jan bulo masu bututun hayaƙi lokacin haihuwar tumaki, kuma har yanzu akwai ragowar ɗakunan a wasu filayen. A ganina wannan ne babban dalili. Annoba ta kashe mutane a ko'ina a Ingila amma yawancin ƙauyuka sun sake cika. A nan ba su cika ba, saboda masu ƙasa ba sa buƙatar mutane a kanta. Tumakin da kika gani, irin da ake kira Romney, jikokin waɗanda suka gaje gonakin ne.

Na ukun zai ba ki mamaki a matsayinki na ma'aikaciyar jinya: zazzaɓin cizon sauro. Wannan ciwo da muka sani a gida ya zauna daram a fadamun Kent da Essex daga wajen ƙarni na 16 har cikin na 19. Akwai wani nau'in sauro, Anopheles atroparvus, da ke hayayyafa a ruwa mai ɗan gishiri da ya kwanta a lambatu, yana kuma fakewa a ɗakunan mutane da na dabbobi da sanyi. Littattafan jana'izar da Cromwell ya sa a fara rubutawa su suka tona girman abin. Masu binciken da suka bi su shafi-shafi sun tarar a yawancin farish ɗin fadama waɗanda ake binnewa sun fi waɗanda ake yi wa baftisma, musamman ƙananan yara, alhali a ƙauyukan tudu da ke kusa ba haka ba ne. Limamai da yawa sun karɓi muƙamin, suna karɓar ushirinsa, amma suka ƙi kwana a fadama, sai su zauna a kan tudu su riƙa saukowa ranar Lahadi ko su aiko mataimaki. Ciwon ya ja baya ne a ƙarni na 19 da magudanan ruwa suka inganta, ciki har da babbar hanyar ruwan soja da aka haƙa tsakanin 1804 da 1809 saboda tsoron mamayar Napoleon na Faransa, gidaje suka gyaru, kwinin kuma ya yi araha. Amma kafin nan an riga an san fadamar da wurin da ba a zama sai dole. Ƙarancin mutane da duhun wurin ne ma suka sa ta zama matattarar masu fasa-ƙwaurin ulu zuwa Faransa, su dawo da barasa da taba da shayi, kuma labaran mutanen wurin sun cika da cewa a cikin coci-cocin nan ake ɓoye kayan.

Ba duka coci-cocin fadamar ne suka tsira ba. A Midley baka ɗaya na bangon yamma ne ya rage a tsakiyar gona. A Hope da Eastbridge guntayen bango ne. Orgarswick da Blackmanstone sun zama kufai, ba ginin da za a nuna. Waɗannan tun ƙarni na 15 da na 16 suka rasa jama'arsu. Guda 14 ne suka rage a tsaye daga coci-cocin wancan zamani.

Na Fairfield ya kusa bin su. Asalinsa ginin katako ne da yaɓe, saboda ƙasar ba ta ɗaukar nauyin dutse, a ƙarni na 18 aka kewaye shi da jan bulo. Farkon ƙarni na 20 ya riga ya karkace yana shirin faɗuwa, sai a 1912 zuwa 1913 wani masanin gini mai suna W. D. Caröe ya warware shi ya sake tayar da shi, ya mai da tsofaffin katakan inda suke. A lokacin ne aka yi 'yar hanyar tudun da kuka bi. Kafin nan idan ruwa ya cika da hunturu da kwale-kwale ake zuwa sujada. Abin da ke ciki ya fi na waje. Rufin yana ƙasa-ƙasa, manyan katakan da suka ɗauke shi suna kusa da kai. Wuraren zama ba benci ba ne a jere: akwatuna ne na katako masu farin fenti da baƙin layi a gefe, kowane da ƙofarsa, iyali su shiga su rufe don iskar sanyi kada ta bi ta ƙafafunsu. Mumbarin hawa uku ne. A ƙasa magatakardan coci ke zama yana ja wa jama'a amsa, a tsakiya limami ke karanta addu'o'i, sai ya hau na sama ya yi wa'azi. Yawancin coci-cocin Ingila an fitar musu da irin waɗannan kaya a ƙarni na 19, lokacin da aka yi yayin gyare-gyare. Na Fairfield ya kuɓuta ne saboda babu mai kuɗin da ya damu da shi a lokacin.

A Brookland kuwa kin ga hasumiyar ƙararrawa a ƙasa, gefe guda da cocin, ta katako mai kusurwa takwas kamar an kifa hula uku a kan juna. Dalili ɗaya ne: laka ba za ta ɗauki hasumiyar dutse da ƙararrawa ba, ginshiƙan cikin cocin ma da kansu sun jingina waje. A ciki akwai kwanon baftisma na darma tun ƙarni na 12, an zana ayyukan watanni goma sha biyu a jikinsa: mai sassabe kurangar inabi, mai yankan ciyawa, mai girbi da lauje, mai sussuka, mai kaɗo 'ya'yan itace don aladu. Ki tsaya ki dube shi da kyau, domin aikin shekara ne na irin mutanen da aka gina cocin dominsu.

Game da masu kula da su, mutane da yawa suna zaton gwamnati ce. A Faransa haka ne, domin dokar 1905 ta tabbatar da cewa tsofaffin cocin ƙauyuka mallakar ƙananan hukumomi ne. A Ingila ba haka ba ne. Nauyin yana kan majalisar cocin farish da wakilai biyu da jama'a ke zaɓa duk shekara, yawanci tsofaffi 'yan fansho da manoma. Duk shekara biyar masanin gini yakan zo ya duba ya rubuta abin da ya lalace, su kuma su nemo kuɗin: baikon Lahadi, wasiyyar mamata, sayar da shayi da kek, akwatin baƙi, tallafin ƙungiyoyi. Limami ɗaya ne ke zagaya coci da yawa, shi ya sa a irin Fairfield sujada jefi-jefi ce, ba kowace Lahadi ba. A ƙidayar 2021 kashi 46 cikin ɗari ne suka ce su Kiristoci ne a Ingila da Wales, karo na farko da suka gaza rabi, masu zuwa coci kuwa sun yi ƙasa da haka nesa. Ga ɓarayin darmar rufi, ga danshi. A 1982 aka kafa Romney Marsh Historic Churches Trust don tara kuɗin gyaran waɗannan 14, ita ce ma take riƙe da na Snave da aka daina sujadar yau da kullum a cikinsa. A matakin ƙasa akwai Churches Conservation Trust da aka kafa a 1969, tana riƙe da fiye da 350 da aka rufe. Ni dai ina ganin ba adalci ba ne a ce ginin da doka ta sa a sahun farko na kayan tarihin ƙasa, kowa yana zuwa ɗaukar hoto, amma a bar kuɗin rufinsa a wuyan mutum goma sha da ba su da ƙarfi. Ba su san waɗanda suka gina shi ba, da yawansu ma ba a nan aka haife su ba, amma su ne suke share kashin jemage suna kwashe ganye daga indararo.

Wannan tsari ya zo har gida. 'Yan mishan na Anglika, wato Cocin Ingila, sun taho da shi Nijeriya, shi ya sa za ki ji Kiristocinmu suna maganar dayosis da farish da ƙananan tashoshi a ƙauyuka. Tsohon cocin St Bartholomew na Wusasa a Zariya, wanda aka gina da ƙasa a salon ginin Hausa a ƙarshen shekarun 1920, reshe ne na wannan itace. Bambancin shi ne a can gida farish bai taɓa zama hukumar haraji da ciyar da matalautan gari duka ba.

Shiga kuwa babu mai hana ki. Cocin farish a Ingila a buɗe yake ga kowa, ba a tambayar addinin baƙo, ba a cire takalmi, kuma hijabinki ba zai dami kowa ba. Idan kin tarar ana sujada ko jana'iza sai ki dakata a gama, kada yara su hau mumbari ko su wuce shingen da ke gaban bagade. Na Fairfield yawanci a kulle yake, amma akan rataye mabuɗin a wani gidan gona da ke kan hanyar, kuma akwai sanarwa a wurin da ke nuna inda za a ɗauka, sai ki mayar idan kin gama. Ki sa takalmin da ba kya jin tausayinsa saboda laka, ki rufe duk ƙyauren da kika buɗe saboda tumaki, musamman a watannin Maris da Afrilu da suke haihuwa. Daga Ashford akwai jirgin ƙasa mai zuwa Rye da Hastings, yana tsayawa a tashar Appledore, daga nan Snargate ba nisa. Idan kin shiga na Snargate ki nemi zanen jirgin ruwa a bangon arewa, wanda aka yi wajen shekarar 1500. Tsofaffin littattafan baftisma da jana'iza kuwa ba a cikin cocin suke ba yanzu, an kwashe su zuwa ɗakunan adana tarihi na Kent a Canterbury da Maidstone, kuma duk mai so yana iya neman izinin dubawa.